An cire min jibis, abokai na cewa in hau keke, matata na cewa in sayar

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan shekara 34 ne, ina zaune a Madina, ina aiki a wani shagon dabino da ke kusa da Harami. Shekara 5 ke nan da keke nake zuwa aiki daga unguwarmu ta wajen Ƙuba. Wata uku da suka wuce mage ta gifta gabana da sassafe, na damƙe birki, na kife, na tare ƙasa da tafin hannun dama. A mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka ɗauki hoto aka ce targaɗe ne, aka naɗe min bandeji. Wani dattijo ɗan garinmu mai ɗori ya ja min hannun, ya murza da man zaitun, na koma aiki. Bayan mako 3 ciwon da ke gindin babban yatsa ya ƙi tafiya. Da aka sake hoto sai ga tsaga a wani ƙaramin ƙashi. Na yi mako 8 cikin jibis, wato filastar ɗaurin karaya, yau kwana 10 da cirewa. Hannun ya motse, ko a sujada ba na iya shimfiɗa shi, sai dai in dunƙule. Kuɗin mota yana cin riyal 20 kullum, ga tsohuwa a gida tana jiran aike. Shekaranjiya na saci jiki na hau keken, ko bakin layi ban kai ba gabana ya yi ta faɗuwa, na sauka na turo shi gida. Abokaina suna min dariya, wai ƙashi ya riga ya ɗoru, ragwanta ce kawai. Matata kuma ta ce in sayar da keken, ba za ta sake ganina a kai ba. Yaushe ya kamata in koma hawa, kuma wa zan bi a cikinsu?

Ƙaninka a Madina

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya min a rai wata magana ce da ba ka faɗa ba. Ka ce an cire jibis. Ba ka ce likita ya sa sabon hoto a gaba ya ce maka ƙashin ya haɗe ba. A yawancin karayar hannu waɗannan biyun tare suke zuwa, amma ƙashin da nake zaton ka tsaga yana da halinsa daban, kuma duk sauran shawarata a kansa ta rataya.

Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne jere cikin layi biyu. Faɗuwa a kan tafi, ciwo a gindin babban yatsa, hoton farko bai nuna komai ba, na biyu ya tona asiri: wannan labarin na sha jin sa a shekarun da na yi a ɗakin gashin ƙashi, kuma kusan kullum ƙashi ɗaya ne mai laifin. Duba takardar asibitinka, ina kyautata zaton za ka ga an rubuta "zauraƙi". Larabawa sun ba shi wannan suna ne don ya yi kama da ɗan kwale-kwale, girmansa kuwa bai wuce ƙwallon yazawa ba. Ka miƙe babban yatsanka sama kamar mai cewa "ya yi", za ka ga ɗan rami a gindinsa tsakanin jijiyoyi biyu, inda masu tabar shaƙa ke zuba garinsu. A ƙarƙashin ramin nan yake kwance.

Matsalarsa ta jini ce. Ka san yadda ake shayar da lambun dabino: ruwa ya shigo ta baki ɗaya ya bi kwata har ƙurya. Haka jijiyar da ke ciyar da mafi yawan wannan ƙashi take shigowa ta ɓangaren da ke kallon yatsu, ta komo baya zuwa ɓangaren da ke kallon gwiwar hannu. In ƙashin ya tsage a tsakiya, kwatar ta yanke ke nan, ɓangaren ƙurya ya zauna da ƙishi. Shi ya sa yake jinkirin haɗewa, mako 6 zuwa 12 ko fiye, wani lokaci ma ya ƙi haɗewa sam. Kai kuma mako 3 ka yi kana ɗaukar katan-katan na dabinon Safawi da Mabrum da shi, an kuma ja shi an murza, kafin a san karaya ce. Ba na zagin dattijon nan, da kyakkyawar niyya ya yi, kuma shi ma abin da hoton farko ya faɗa ya bi. Tsagar wannan ƙashi tana yawan ɓuya a kwanakin farko, dalilin da ya sa ake sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14 in ciwon ramin nan bai tafi ba. Amma dai an yi jinkiri, kuma jinkiri yana ƙara yiwuwar ƙin haɗewa.

Abin haushin shi ne, zauraƙin da bai haɗe ba ba lalle ya dame ka yanzu ba. Sai mutum ya koma harkarsa, ya yi shekaru yana cewa ɗan tsami ne kawai in an yi sanyi, alhali guntayen biyu suna ta goga juna suna cinye gaɓar. Ranar da ciwon zai fito fili, abin da a da ƙusa ɗaya da ɗan dashen ƙashi za su gyara ya zama babban aiki. Na ga magidanta 'yan shekara 45 da ba sa iya murɗa makullin ƙofa saboda faɗuwar da suka yi suna samari.

Saboda haka, kafin a yi maganar sirdi da feda, ka koma wurin likitan ƙashin da ya cire maka jibis ka tambaye shi kai tsaye: ƙashin ya haɗe, kuma da me aka tabbatar? In ya nuna maka hoto ya ce ga shi ya haɗe tas, alhamdu lillahi. In ya yi ɗan jim, ko kuma har yanzu danna ramin nan yana sa ka zabura, ka nemi a yi maka hoton da suke kira ashi'a maƙɗa'iyya, shi ne yake nuna ko sabon ƙashi ya ƙetare tsagar daga baki zuwa baki. Ka roƙi takardar turawa zuwa ilaj ɗabi'i, wato sashen gashin ƙashi, tun kana wurin. In maigidanka ya yi maka ta'min, wato inshorar lafiya, kamar yadda doka ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata, ka fara tambayar abin da katinka ya ƙunsa kafin ka zaro kuɗi daga aljihu. Kuma in kana taɓa sigari ko shisha (ba ka faɗa ba, ni ma ban ce kana yi ba), wannan ne lokacin ajiyewa, don taba tana matse ƙananan jijiyoyin jini, ga ƙashi da dama can da ƙyar jini ke isarsa.

To, a ce an tabbatar ya haɗe. Motsewar da ka gani kada ta tsorata ka, kowane hannu haka yake fitowa daga jibis, siriri kamar na yaro, fata na saɓa. Naman zai dawo. Abin da ke buƙatar naci shi ne ƙagewar gaɓa. Sau 3 ko 4 a yini ka tsoma hannun cikin ruwa mai ɗumi na minti 10, ka ɗora shi a gefen tebur, tafin yana reto, ka ɗaga sama ka sauke ƙasa a hankali. Ka haɗa tafukan biyu a ƙirji, ka rinƙa sauke su ƙasa ba tare da sun rabu ba har ka ji ja. Ka riƙe ludayi ta ƙota, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka juya shi dama da hagu. Babban yatsa kuma ya rinƙa kai wa kowane yatsa ziyara har ya iya taɓa gindin ɗan autansu. In motsi ya fara sakuwa sai a shigo da ƙarfi: matsa soson wanki cikin ruwa, ɗaga gorar ruwa ta rabin lita, wadda nauyinta rabin kilo ne, daga baya ta lita ɗaya. Jingina nauyin jiki shi ne na ƙarshe, a fara da tura bango a tsaye, sai tebur, sai ƙasa.

Awon da nake ba mutane mai sauƙi ne. Tsamin da ya tafi cikin awa ɗaya ko biyu bayan motsa hannu, aiki ne yake ci. Wanda ya kwana har ka tashi da shi da asuba, ko hannun ya kumbura, ka wuce gona da iri, ka rage gobe. Akwai kuma alamun da ba a jira da su: hannu ya rinƙa zafi kamar wuta ko da iska ce ta taɓa shi, launinsa ya sauya yana sheƙi yana gumi, ko yatsu su mutu su ƙi farfaɗowa. Waɗannan na likita ne a makon nan, ko ka kira 937, layin ma'aikatar lafiya, su faɗa maka inda za ka nufa.

Ka tambayi rana. Ga wanda ƙashinsa ya haɗe, akasari akan ɗauki mako 4 zuwa 6 bayan cire jibis kafin hannu ya iya ɗaukar nauyin jiki, wasu su fi haka, kuma cikakken ƙarfi yakan ja watanni. Amma ni ban cika yarda da kalanda a wannan harka ba, na fi yarda da abin da hannun ya nuna. Ka riga ka ambaci jarrabawa ta farko da bakinka: sujada. Ranar da ka shimfiɗa tafinka a kan darduma, ka dafa ka miƙe ba tare da ka tuna da hannun ba, ka ci ɗaya. Ta biyu tana shagonku. Sikelin da kuke auna katan da shi, in likita ya ba ka izinin jingina nauyi, ka danna shi da tafin hagu iya ƙarfinka ka rubuta kilon da ya nuna, sannan ka danna da na dama har zuwa inda ciwo zai fara, ka tsaya nan. Sau ɗaya a mako ya isa. In na hagu ya ba da kilo 30, ina so na dama ya kai 24 ko 25 kafin ka shiga titi, wato kashi 8 cikin 10. Ta uku kuwa birki ne, kuma ita ce na fi damuwa da ita.

Je ka duba kekenka ka ga wane hannu ke riƙe da wace taya. A yawancin kekunan da ake sayarwa a ƙasashen da ake tuƙi ta dama, irin Saudiyya, hannun dama na birkin baya ne, na hagu na gaba. Yanzu ka kwatanta wata magen ta sake gifta maka. Hannun dama mai rauni zai yi jinkiri, na hagu mai ƙarfi zai damƙe birkin gaba shi kaɗai, tayar gaba ta ƙame, kai kuma ka wuce ta saman kan keken. Da me za ka tare ƙasa? Da wannan tafin dai, don jiki ba ya shawara da mai shi a irin wannan lokaci. Ina kuma zaton haka faɗuwar farko ta kasance. Don haka gwajin shi ne ka tsaya a gefen keken a tsakar gida, ka tura shi gaba ka damƙe birkin dama da ƙarfi farat ɗaya, sau 20 a jere. In na 20 ya kama kamar na farko, ba zafi a gindin yatsa, hannun ya isa.

Kafin nan ƙafafunka ba su yi laifin komai ba. In akwai keken motsa jiki na tsaye a wani lambun shaƙatawa ko gidan motsa jiki kusa da ku, ka rinƙa murza feda kana zaune a miƙe, hannu a cinya.

Shi ma keken sai an gyara masa zama. Ka kai wa mai gyara ya ɗaga kan keken sama, ya matso da shi kusa da kai, domin nauyinka ya koma kan sirdi. Ka duba sirdin da kyau, in bakinsa ya sunkuya ƙasa yana zuro ka gaba ne yana ɗora wa hannaye kaya, a daidaita shi ya kwanta sosai. Maƙatan birki a juya su yadda in ka ɗora yatsu, wuyan hannu zai miƙe sambal da sangalin hannu ba tare da ya karye baya ba, a sa wa wayar mai ta yi laushi. A rage wa taya iska kaɗan, don tayar da aka cika ta yi tauri kamar dutse duk wani gargada na hanya a hannu take sauke shi. Ka sayi safar hannu mai katifa a tafi, da hular kwano, ko da abokan nan naka za su ce ka zama ɗan tsere. Kana tafe gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kada ka ƙame ta, kuma in ka tunkari maɗab, wato tudun rage gudu na kan titi, ka rage gudu ka sassauta riƙo. Titunan unguwannin Madina ba su da tudu da gangare irin na Makka, wannan sa'arka ce, amma maɗab kam Allah Ya yi yawa da su. In bayan ka fara hawa ka ji ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, wata jijiya ce da ke bi ta gefen tafi kan keke ya danne, sananniyar matsalar mahaya ce. Ka rinƙa sauya wurin riƙo, in ta ƙi bari ka faɗa wa mai gashin ƙashi.

Abu ɗaya da za ka yafe na wata biyu ko uku bayan ka koma hawa: kaya. Ba rataya leda a kan keke, ba ɗaure katan a kariya, ba goyo. Ko a shago ma, ni ɗaukar katan ya fi ba ni tsoro a kan keken, don shi kullum kake yi kuma ba wanda zai ce maka kul. Ka roƙi maigida ya bar ka a kan sikeli da ciniki na ɗan lokaci. Ka je masa da takardar likita, magana da takarda ta fi nauyi. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan, sashe na 117, ta ba ma'aikaci hutun jinya na kwana 30 da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, sai 30 babu biya, a cikin shekara guda. Kuma Ta'minat, hukumar inshorar ma'aikata, tana lissafa hatsarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa daga gida zuwa wurin aiki cikin raunin aiki, har da baƙi in an yi musu rajista. Ƙa'idar ita ce a sanar da maigida cikin kwana 7, kai kuma lokaci ya ja, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Na san ba kowane ɗan'uwa ne takardunsa suka kai ga wannan magana ba. In naka sun kai, kada kunya ta sa ka bar haƙƙinka.

Faɗuwar gaban da ka ji shekaranjiya kuwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma tsalle yake. Amma taka ta fi haka hujja: jikinka ya san hannun nan ba zai iya tsayar da keke ba tukuna, ya kuma gaya maka gaskiya. Rabin tsoron zai tafi da kansa ranar da damƙarka ta dawo. Sauran rabin a fili ake kashe shi. Ka sami wurin ajiye motoci da babu kowa bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, ka sauke sirdi ƙasa kaɗan yadda ƙafafu biyu za su taɓa ƙasa, ka yi minti 10 kana tafiya kana tsayawa, da birki biyu tare, kana tura mazaunai baya duk sanda za ka tsaya. Kwana uku ko huɗu haka, sai zagayen unguwa, sai rabin hanyar aiki ranar hutu. Tsakanin Ƙuba da Harami bai fi kilomita 3 da ɗoriya ba, ba wata tafiya ba ce, shataletale da cunkoson masu ziyara ne abin kiyayewa, don haka a makonnin farko ka sauka ka tura keken ka ƙetare duk mahaɗar da ta fi ƙarfinka. Abokanka su yi ta dariya. A cikinsu wa ya zo ya ɗaura maka maɓallin riga lokacin da hannunka ke cikin jibis?

Wadda ta ɗaura ɗin ita ce take cewa ka sayar, kuma ban ga laifinta ba. Wata biyu tana zuba maka ruwan alwala kana shafa a kan jibis, tana yanka maka nama a kwano, tana lissafin abin da zai faru da gidan in hannun da ke ciyar da shi bai dawo ba. Sai kuma ta ji ka saci jiki ka hau, kwana 8 da cire jibis. Ni ma da ni ne da na ce a sayar. Ka fara ba ta haƙuri kan wannan satar hawan, don ita ce ta lalata maka shari'a. Sannan ka zaunar da ita ka karanta mata wannan amsar, ka tafi da ita wurin likita in hali ya yi ta ji da kunnenta. Ku yi yarjejeniya: makullin keken ya zauna a hannunta, ba za ta ba ka ba sai likita ya ce ƙashi ya haɗe, sikeli ya nuna lambar da muka ce, ta kuma tsaya a tsakar gida ta ƙirga damƙar birki 20 da bakinta. Ban ce lalle za ta sauko ba, amma macen da aka ba makulli ta fi saurin yarda a kan wadda aka ce wa "ke dai ki yi shiru".

Sayarwa dai ban goyi baya ba. Keken nan ya yi maka hidimar shekara 5, riyal 20 a rana kuma in ka tara na wata ya doshi 600, kuɗin da tsohuwa ta fi direba buƙata. Amma ka lissafa wata ɗaya ko biyu na kuɗin mota a cikin kuɗin magani, ka duba ko bas ɗin gari yana bi ta wajenku, ko wani maƙwabci mai mota da hanyarku ta zo ɗaya ku rinƙa raba kuɗin mai. Ita kuma tsohuwa ka kira ta ka gaya mata gaskiya cewa aiken wata biyun nan zai ɗan ragu. Na tabbata abin da za ta fara tambaya shi ne hannun.

Ka sake rubuto min in ka dawo daga wurin likita, ka faɗa min abin da hoton ya nuna da lambobin sikeli na mako biyun farko, hagu da dama. A gaida uwargida da jinya.